Fiffiken Basha

Gara in faɗa muku laifina da bakina kafin ku ji shi a bakin Halto Nawal, don ita in ta ɗauko labari sai ta ƙara masa gishiri da barkono. Sunana Rudaina, shekarata ashirin da tara, ina aiki a wani kantin magani a nan Aƙaba, a ƙasar Jodan. Ni ce yarinyar da ta ci mutuncin mai neman aurenta a falon ubanta, yana zaune bai fi taku huɗu da ita ba. Ku bari in kai ƙarshe kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan.

Tun ranar Lahadi Yumma, mahaifiyata, ta tayar da gidan. Ta cire ledar kujerun falon baƙi, waɗanda sau uku na taɓa ganin ainihin launinsu tun da aka haife ni. Ta sauke labule ta wanke, ta fito da kofunan gahawa masu bakin zinare.

"Yumma, ni fa ban ce ina so ba."

"Wa ya tambaye ki? Gani za su zo yi, ke ma ki gani. Waɗanda kika ce kina so ɗin suna ina?"

Halto Nawal, ƙanwar Yumma, ita ta ƙulla zancen. Tana zaune a kicin tana ɓare tafarnuwa, tana jero min halayensa kamar mai tallan mota. Sunansa Munzir, shekararsa talatin da huɗu, yana aiki a gidan kifayen da ke bakin teku, ba ya shan taba, ba ya zaman karta. Sai ta yi ƙasa da murya.

"Abu ɗaya ne dai. Ba ya ji."

"Ba ya jin magana, ko ba ya ji?"

"Kunne. Sanƙarau ya kama shi yana ɗan shekara bakwai. Ke da bakinki ba ya hutawa, wa ya fi shi dacewa da ke?"

Su biyun suka yi dariya, ni kuwa na shige ɗaki na kwanta ruf da ciki. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ya zo min a rai shi ne, ashe har na kai matsayin da sai wannan. Ina hango ƙawayena a wurin biki suna ɗaga masa murya, suna kallona da tausayi.

Akwai kuma wata damuwar a gidan wadda ta fi wannan nauyi. Yaba, mahaifina, wanda gari ya sani da Abu Zaidun, shekara ashirin da shida ya yi yana nutso a tashar jiragen ruwa, yana walda a ƙarƙashin cikin jirage. Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi tare da shi. Kalma ɗaya ta rage masa, "Allah". Da ita yake neman ruwa, da ita yake faɗa. Tun daga nan rayuwarsa ta koma gaban tankin gilashin da ke falo, wanda ya haɗa da hannunsa ina 'yar sakandare: ruwan gishiri, duwatsu, murjani mai rai yana buɗewa yana rufewa, da kifaye tara. Babbansu shi ne Basha. Ya kai faɗin tafin hannu biyu, jikinsa layi-layi shuɗi da rawaya kamar an ja da bakin alƙalami, ga baƙin rufi a kan idanunsa. Shekararsa goma sha ɗaya a gidanmu. Da ya ga keken Yaba ya matso sai ya zo jikin gilashi ya tsaya, su yi ta kallon juna har a kira salla.

Ranar Litinin da safe ragar da ke rufe bakin injin juya ruwa ta fita, injin ya zuƙo Basha. Kafin in zare wuta, fiffiken bayansa da wutsiyarsa sun yi kaca-kaca kamar tsumman da kare ya ja. Talata ya daina ci. Laraba bakin yagar ya yi fari-fari kamar auduga, da jan layi a bayan farin. Basha ya shige bayan dutse ya ƙi fitowa, Yaba ma ya ture faranti. Maƙlubar shinkafa da kaza da Yumma ta dafa masa, ko cokali bai ɗaga mata ba.

A haka Alhamis ta same mu.

Bayan la'asar suka iso. Na sa doguwar riga ruwan zaitun mai aikin zare a wuyan hannu, da mayafi ruwan madara, Halto ta cika min ido da kwalli har sai da na yi hawaye. Na shigo da tiren gahawa kaina a ƙasa. Baƙar safa na fara gani, sai wando mai karin guga, sai farar riga. Mahaifiyarsa, Ummu Munzir, 'yar siririyar dattijuwa mai tabarau, ta karɓi kofi ta ce masha Allah. Shi ma ya karɓa ya ce, "Na gode," da wata murya shimfiɗaɗɗiya marar hawa da sauka, kamar an goge wa kalmomin gefe. Sau ɗaya ya kalle ni. Daga nan idonsa ya koma kan tanki.

Aka shiga zancen zafin bana da wane jikan wane ne. Na ce bari in duba Basha, na tashi na tsaya gaban gilashi na ba su baya. Halto ta biyo ni ta mintsine ni a cinya.

"Koma ki zauna ki yi masa magana."

Na ce a hankali, "Da me zan yi masa maganar, Halto? Duk mazan Aƙaba kun rasa, sai kurma kuka kwaso min kamar ragowar kasuwa."

Na faɗa, na huce, na koma na zauna ina gyara mayafi kamar mutuniyar kirki.

Can sai Munzir ya ajiye kofinsa ya dubi Yaba, ya kira shi da Ammi, wato baffa. "Ammi, ka ba ni izini in duba kifin nan?"

Yaba ya ce, "Allah."

Ya durƙusa gaban tankin da farar rigarsa. Bai ƙwanƙwasa gilashi ba yadda baƙi suke yi, tafin hannunsa kawai ya shimfiɗa a jiki ya jira. Ya jima a haka kafin Basha ya leƙo daga bayan dutse. Munzir ya ciro waya ya yi rubutu, ya juyo min da fuskarta.

"Kwana nawa?"

Na ɗaga yatsu uku. Ya sake rubutawa.

"Ya fara ruɓa. In ya ci har tushen fiffiken ba zai sake tsirowa ba, daga nan kuma jiki zai shiga. Yau ya kamata a yanke. Ba a zuba magani a tankin nan, zai kashe murjanin."

Ummu Munzir ta taɓa kafaɗarsa don ya kalle ta. "Munzir, ba wannan ya kawo mu ba."

Yumma ta ce, "Haba ɗana, rigarka."

Sai Yaba ya ɗaga hannunsa na hagu. Ya nuna idanunsa da yatsu biyu, ya nuna tanki, sannan ya shimfiɗa tafin ya karkaɗa shi gefe da gefe. Munzir ya tsaya cak. Ya haɗa babban yatsa da manuni ya yi zobe, ya tura gaba yana ɗaga gira. Yaba ya mayar masa da zoben.

Ban gane ba a lokacin. Ashe maganar masu nutso ce, wadda suke yi a ƙarƙashin ruwa inda baki ba shi da amfani. Yaba ya ce, duba can, akwai matsala. Munzir ya ce, ka yarda in yi? Yaba ya ce, yi. Shekara biyu muna tsaye a kan mutumin nan muna canki-canki, ruwa kake so, fanka kake so, a juya ka, babu wanda ya tuna yana da wani harshe a hannunsa. Baƙo ya shigo, kafin gahawa ta huce sun yi hira.

Munzir ya naɗe hannun riga, ya cire agogo ya ba mahaifiyarsa, ya rubuta min abin da yake buƙata. Babban akwatin roba, tsabtataccen tawul, ƙaramin almakashi, aidin, auduga mai tsinke, sirinji marar allura, da man kanumfari. Yumma ta zazzage bargunan sanyi a kan gado ta kawo akwatin. Man kanumfarin ma nata ne, na ciwon haƙori.

Halto ta ce, "Shi ma haƙorin ne ke damunsa?"

Ya karanta bakinta ya yi murmushi. "Barci zai sa shi, Halto."

Ya ɗebo ruwan tankin ya cika akwatin, ya jona ƙaramin injin iska daga kayan Yaba, ya auna gishiri da ɗumi har sau biyu. Bai kama Basha da raga ba, ya ce raga za ta ƙara yaga shi. Kwanon roba ya nutsa ya bi shi da haƙuri har ya shiga da kansa. Sannan ya ɗiga kanumfarin a 'yar kwalba da ruwa, ya girgiza har ya yi fari, ya riƙa tsiyayawa a kwanon kaɗan-kaɗan. Falon ya ɗauki ƙamshi. Basha ya zaga sau biyu, ya yi tangaɗi, ya kwanta a gefensa.

Yaba ya yi wani ƙara a maƙogwaro. Munzir bai ji ba, amma kamar ya sani, ya waiwayo ya yi masa zoben nan. Sai ya nuna min waya.

"Minti biyu muke da su a wajen ruwa. Ke za ki riƙa tura masa ruwa a baki da sirinji, kada ki tsaya. Duk rabin minti ki buga tebur da gwiwarki, zan ji a hannuna."

Halto ta karɓi agogon. Aka shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a teburin tsakiya, gefen tiren kunafa, kayan zaƙin baƙi da ba wanda ya taɓa.

'Yan uwa, shekara goma sha ɗaya ina ganin Basha ta bayan gilashi, ban san ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Da aka kwantar da shi a farin tawul, shuɗin nan kamar daga cikinsa haske yake fitowa. Ban san akwai wannan launin a duniya ba. Kowane layi da nasa siririn baƙin gefe, ba wanda ya hau wani. Munzir ya jiƙa yatsunsa ya ware fiffiken bayan kamar mai buɗe mafici, sai ga ƙasusuwan ciki sirara kamar tsinken tsintsiya, a jere, da fata mai shara-shara a tsakaninsu. Ina ta tura ruwa. Hannunsa kuwa ko motsin banza babu. Manyan yatsu ne masu tabon gishiri, amma almakashin yana tafiya a bayan farin nan kamar mai bin zanen da shi kaɗai yake gani. Yana yanka, ruɓaɓɓen yana zubowa a tawul kamar ɓawon albasa.

"Rabin minti," in ji Halto, muryarta ta koma raɗa.

Na buga tebur. Bai ɗago ba, kai kawai ya gyaɗa.

Ya koma wutsiya. A nan yagar ta yi zurfi, saura ƙiris ta kai nama. Ya tsaya kamar na numfashi ɗaya, ya karkata almakashin, ya bar wani ɗan guntu da ni da zan yanke. Na buga na biyu. Na buga na uku. Ya tsoma auduga a aidin da ya sirka, ya bi bakin yankan yana kare kumatun kifin da ɗan yatsansa don kada ko ɗigo ya shiga. Kafin gwiwata ta kai ga tebur karo na huɗu, ya ɗauke shi ya nutsa a akwatin.

Bai sake shi ba. Ya riƙe shi a tsaye tsakanin tafukansa, yana tura shi gaba a hankali don ruwa ya bi ta bakinsa. Basha bai motsa ba. Ba ka jin komai a falon sai kumfar injin iska da Yumma tana salati ƙasa-ƙasa. Hannun rigarsa ya warware ya jiƙe har gwiwar hannu. Na kalli Yaba, ya damƙe hannun keke har jijiyoyinsa sun fito.

Sai marfin kumatun ya ɗaga. Ya rufe. Ya sake ɗagawa. Muka ji wani ƙut-ƙut daga cikin ruwa, irin gurnanin da Basha yake yi in ransa ya ɓaci. Mu da kunne muka ji, shi a tafin hannunsa ya ji, fuskarsa ta washe gaba ɗaya.

"Yana zagina," ya ce.

Ya buɗe hannu, Basha ya fita da guntuwar wutsiyarsa yana layi kamar wanda aka tasa daga barci. Yaba ya ce "Allah", amma ba irin wadda muka saba ji ba. Wannan doguwa ce, kuma ita ce ainihin ma'anarta.

Da za su tafi Yumma da kanta ta ce in ba shi lambata, saboda kifi. Ta ƙulle musu kunafa, ta raka su har ƙofa tana ta sa albarka. Yaba ya ci rabin faranti da magariba. Ina cire kwalli gaban madubi, ina ta mamakin yadda hoton hannayen nan ya ƙi barin idona, sai waya ta yi ƙara. Saƙon Munzir ne.

"A canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan akwatin kullum, gishiri da ɗumi daidai da na ciki. Na rubuta sunan maganin a takarda, kuna da shi a kantinku. A rufe rabin akwatin da zane, duhu yana kwantar masa da hankali."

Ina cikin rubuta godiya wani saƙon ya shigo.

"Maganar da ta kawo mu kuwa, ki kwantar da hankalinki, na ce a bar ta. Gilashin tanki yana nuna fuska, ni kuma baki nake karantawa. Ban riƙe ki ba, na saba ji. Kifin ba shi da laifi, zan ci gaba da duba shi in kun yarda."

Na zauna a ƙasan ɗakin da audugar kwalli a hannu. Na saba ji. Ku duba kalmar da ya zaɓa. Wato duk lokacin nan da yake durƙushe yana jiƙa rigarsa, yana ba ni sirinji, yana amincewa da gwiwata, ya riga ya sani.

Na rubuta haƙuri ya kai layi ashirin, na goge, na rubuta layi uku na tura. Amsa ta zo da safe: "Ba komai. Ya fito daga duhu?"

Da labarin ya kai ga Yumma, Halto ce ta kai shi, har da kwaikwayon muryata. Yumma ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Kwana uku ba ta ce min ci kanki ba. A na huɗu tana yanka kokwamba ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Mutumin da ya sa ubanki cin abinci kika kira ragowar kasuwa. To ki zauna, na farkon kasuwar yana hanya."

Haka na zama ma'aikaciyar jinyar kifi. Kullum kafin in fita aiki sai in haɗa ruwa a bokiti, in auna, in zuƙe ƙazantar ƙasan akwatin da siririn tiyo, in ɗauki hoto in tura. Amsoshinsa ba sa wuce kalma biyar. "Ya yi kyau." "Ƙara iska." "Jiƙa abincin da ruwan tafarnuwa." A kwana na huɗu Basha ya karɓi guntun jatan lande, na tura bidiyo ina tsalle ni kaɗai a falo. Ya turo, "Alhamdu lillah." Na zauna ina kallon kalmar kamar wasiƙa ce.

A kwana na tara na ga wani fari-fari a bakin yankan. Na tura masa, "Ruɓar ta dawo." Bayan la'asar sai ga shi da kayan aiki, shuɗiyar riga mai warin teku. Ya duƙa, ya kunna fitilar waya ya haska daga gefe, ya yi min alama in matso.

Ba ruɓa ba ce. Wata sabuwar fata ce ta tsiro a bakin yankan, garai-garai kamar ruwan da ya daskare, siririya har kana hango duwatsun bayanta. A cikinta ga ƙasusuwan nan sirara sun miƙo, kowanne daga kan wanda aka yanke, kamar sun san hanya. Ni da nake sayar da maganin ciwo kullum, ban taɓa tsayawa na ga yadda ake warkewa ba.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan. Wajen kwana goma sha shida launi ya fara shiga sabuwar fatar. Ba a watse ya shiga ba. Kowane shuɗin layi ya tashi daga daidai inda almakashi ya katse shi, ya ci gaba da lanƙwasarsa, rawaya na biye da shi a gefe, kamar mai saƙar da aka kira ta dawo ta ɗauki zarenta. Kullum da safe sai in tarar an ƙara ɗan kaɗan. Na kasa haƙuri na tambaye shi, "Wa ya gaya wa layin inda ya tsaya?"

Ranar ya turo saƙo mafi tsawo. "Shekara goma sha biyu ina wannan aikin, ban sani ba. Ni yankewa kawai nake yi, in tsabtace ruwa, in koma gefe. Duk lokacin da na gani sai tsigar jikina ta tashi kamar na farko."

Sau biyu a mako yake zuwa. Minti biyar ya duba Basha, sa'a guda ya zauna gaban keken Yaba. Alamun masu nutso ba su da yawa, sai suka riƙa ƙirƙiro nasu. Hannu yana nitsewa, hannu yana zama jirgi, hannu yana zama kifi mai haƙora, sai ka ji Yaba yana dariya da rabin bakinsa. Ni ina bakin ƙofa da tiren shayi kamar baƙuwa a gidanmu. Wata rana Munzir ya juyo ya ce, "Ammi ya ce shayinki ba sukari."

"Likita ne ya hana."

Ya mayar wa Yaba, Yaba ya yi wata alama da Munzir ya ƙi fassarawa. Sai kuma Yaba ya nuna ni, ya nuna Yumma, ya sauke tafinsa ƙasa daidai tsayin ƙaramin yaro, ya girgiza kai. Munzir ya juyo gare mu.

"Ya ce ku daina yi masa magana kamar yaro. Yana gane komai."

Yumma ta juya ta shige kicin. Na ji ta buɗe famfo da ƙarfi, ta daɗe ba ta rufe ba.

Ni kuwa ko sau ɗaya bai ƙara min kallo ba. Da ladabi yake gaishe ni, da ladabi yake sallama. Na fara sa mayafin da ya fi min kyau ranar zuwansa, na fara tsayawa inda haske zai bugi fuskata in zan yi magana. Bai nuna ya lura ba.

Yau kwana ashirin da shida, yau aka mayar da Basha gida. Munzir ya ɗaure ragar injin da igiyar roba har biyu, ya jijjiga ta ya tabbatar. Ya riƙa zuba ruwan tanki a kwanon kaɗan-kaɗan har Basha ya saba, sannan ya karkata shi. Basha ya fita ya ware fikafikansa gaba ɗaya, sabon gefen ya ɗan fi tsohon haske kamar sabon ɗinki a tsohuwar riga. Ƙananan kifayen suka dare. Ya zaga dutse sau ɗaya, ya zo jikin gilashi daidai fuskar Yaba ya tsaya.

Munzir ya goge hannu ya ce, "Aikina ya ƙare, Ammi."

Yaba ya kama masa hannun riga. Ya nuna shi, ya nuna ni, sannan ya miƙe yatsu biyu ya haɗa su gefe da gefe. Wannan kam na san ta, don na yi mako uku ina koyo a ɓoye. Ita ce alamar da ake yi wa masu nutso biyu, ku tafi tare, kada ku rabu.

Kunnuwan Munzir suka yi ja. Ya shimfiɗa tafinsa ya karkaɗa, akwai matsala. Sannan ya nuna ni.

Duk suka juyo. Yaba, Yumma da tire a hannu, Halto da ta zo ganin ƙwaƙwaf. Na matsa kusa da taga inda hasken yamma yake shigowa, na fuskance shi sosai, na yi magana ba tare da na fitar da murya ba. Leɓena kawai na motsa, a hankali, yadda duk falon shi kaɗai zai ji.

Na ce, ka yafe min. Na ce, ina so.

Halto ta ce, "Me ta ce? Ke, me kika ce?"

Munzir ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi wa abin da ke tsirowa. Sannan ya sumbaci kan Yaba, ya ɗauki jakarsa, ya yi sallama ya fita. Ina jin ƙarar ƙofar gida wayata ta yi motsi a aljihu.

"Na karanta, kuma na yafe tun tuni. Saura mahaifiyata. Ita da kunnenta ta ji ranar, ta yi kuka a mota. Jibi Alhamis za ta je garin Tafila ganin wata yarinya, ta ce wannan karon ba za ta tambaye ni ba."

Na karanta sau biyu. Na shiga ɗaki na cire mayafin kwalliya, na sa baƙar abayata ta zuwa ta'aziyya, na wanke fuskata tas. Da na fito Halto tana nan tana tambayar Yumma me na ce.

"Halto, tashi ki sa takalminki."

"Zuwa ina?"

"Ke kika san gidan Ummu Munzir."